Ephemeral: Kalmar Turanci ta abin da ba ya kwana, da inda ta rabu da ‘wucin gadi’

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi a shekarar zaɓe ya san yadda bangaye da turakun lantarki ke cika da hotunan ’yan takara. Yau a liƙa na wannan, kafin gari ya waye wani ya ɗora nasa a kai, ruwan farko ya zo ya saɓule su baki ɗaya. A gefen titin kuma mai POS yana miƙa wa wanda ya ciri kuɗi ’yar siririyar takarda, wadda in ta yi makonni a aljihu ko a gaban mota sai rubutun cikinta ya dushe. Mai sayar da atamfa ta ɗora hoton kayanta a status na WhatsApp da safe, gobe war haka babu shi.

Turanci yana da kalma guda da ke siffanta waɗannan abubuwa uku, ita ce ephemeral. Mai karanta jaridun Turanci na Najeriya yana yawan cin karo da ita a shafukan sharhi, musamman idan marubuci yana tunatar da masu mulki cewa kujera ba ta dawwama. Akasarin masu fassara kan mayar da ita “na wucin gadi” su wuce. Wannan fassara tana haɗa ta da wata kalmar, temporary, alhali ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma rashin bambance su yana iya jawo wa ɗan kasuwa asarar shago, ya jawo wa ma’aikaci jayayya a kan shekarun aikinsa.

Asalinta

Kalmar daga harshen Girka ta fito. A can ana cewa ephemeros, haɗin epi, mai nufin “a kan” ko “na tsawon”, da hemera, wato yini. Ma’anarta ta asali ke nan: abin da rayuwarsa yini guda ce. A nan Hausa ta fi Turanci sauƙin bayani, domin mun raba yini da kwana. Abin da Girkawa suka kira ephemeros shi ne wanda yake yini amma ba ya kwana.

Ta hannun likitoci ta fara shiga Turanci, a matsayin sunan zazzaɓin da ke kama mutum ya sake shi a rana ɗaya. Siffar ephemeral da muke gani yau ta bayyana a rubuce a ƙarni na 16. Har yanzu likitocin dabbobi na riƙe da tsohon amfanin, domin akwai wata cutar shanu da suke kira bovine ephemeral fever, wadda kan kwantar da saniya kamar kwana uku sannan yawanci ta miƙe.

Tun kafin haka masanin Girka Aristotle, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin wani ƙwaro a bakin wani kogi na yankin Bahar Aswad, mai fitowa da safe ya mutu da faɗuwar rana, ya kira shi ephemeron. Masana kimiyya sun ɗauki sunan suka raɗa wa dangin ƙwarin da Turawa ke kira mayfly, suka ce Ephemeroptera. Babban ƙwaron ba ya ma cin abinci, bakinsa ba ya aiki, abin da ya fito yi kawai shi ne barbara da saka ƙwai. Amma kafin ya yi fiffike yakan shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana rayuwa a cikin ruwa inda ido ba ya ganinsa.

Bahaushe zai tuna da shinge, mai fitowa bayan ruwan sama ya dabaibaye fitila, da safe a tarar da fikafikai zube a tsakar gida. Misalin ya yi daidai ta fuskar abin da ido ke gani, sai dai shinge dangin gara ne, ba mayfly ba. Kuma ’yan kaɗan ɗin da suka tsira daga kaji da ƙadangaru su ne ke shiga ƙasa su kafa sabuwar suri, uwar garar ta yi shekaru tana raye.

Furuci da siffofi

Ana furta ta kamar “ifemaral”, a ƙarfafa gaɓa ta biyu. Haruffan ph sautin f suke bayarwa, kamar a phone. Ephemeral sifa ce, tana zuwa gaban suna ko bayan is da are. Sunan halin shi ne ephemerality, ba a cika jin sa a baki ba. Akwai kuma ephemera, wanda suna ne na jam’i mai ma’ana ta musamman da za mu zo kanta. ’Yan’uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san kalmar a Faransanci da siffar éphémère, kuma kalandar nan da ake yage mata shafi ɗaya kullum éphéméride suke ce mata.

Kalma ce ta rubutu da jawabi, ba ta hirar shago ba. A yau ba a ƙidaya mata yini guda. Ana iya cewa farin jinin mawaƙi ephemeral ne ko da ya kai shekara biyu, muddin ana auna shi da wanda sunansa ya wuce zamaninsa. Wanda ya rubuta Fame is ephemeral yana nufin suna da ɗaukaka masu gushewa ne. Wanda ya ce The profit was ephemeral yana nufin ribar ba ta zauna ba, kamar wadda aka samu da tashin Dala ta tafi da saukarta. Sau da yawa akwai ɗan hukunci a ciki: ko dai marubucin yana raina abin, ko yana jimamin kyansa da bai daɗe ba.

Masana ƙasa ma suna amfani da ita ba tare da wani jimami ba. Ephemeral stream shi ne kwarin da ba ya gudana sai an yi ruwa, ya ɗauke bayan sa’o’i ko ’yan kwanaki. Ya bambanta da kogin da ke gudana tsawon damina ya ƙafe da rani, irin Gulbin Maraɗi. Mai sayen fili da ya ga wannan kalma a rahoton safiyo ya sani cewa ruwan ne mai wucewa, hanyar ruwan tana nan, kuma zai dawo ya neme ta.

Inda ta rabu da temporary

Temporary daga Latin ta fito, daga tempus, wato lokaci. Tana nufin abin da aka tsayar na wani wa’adi, kafin na dindindin ya samu ko kafin buƙatarsa ta ƙare. Kishiyarta permanent. Ita kuwa ephemeral kishiyarta lasting ko enduring, wato mai ɗorewa.

Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce mutum ya tambayi kansa: wa ya yanke wa abin nan kwanakinsa, kuma me ake jira a bayansa? Raɓa ba ta jiran wata raɓa ta dindindin, haka aka halicce ta, hantsi ya ɗaga ta tafi. Wannan ephemeral ne. Amma gadar katako da aka ɗora kafin a gama ta siminti, mutum ne ya ajiye ta, mutum ne zai ɗauke ta. Wannan temporary ne, kuma shi ne ainihin wucin gadi.

Abin da ya biyo bayan wannan shi ne muhimmi. Ephemeral ba ya iya daɗewa, in ya daɗe sunan ya faɗi. Temporary kuwa yana iya shekara da shekaru bai canza suna ba. Misalin yana nan a bakin Titin Zariya. An kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, ya fara aiki na wucin gadi a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke cikin birni, bai tare a mazauninsa na dindindin ba sai 1996. Shekara takwas ke nan ana zaman wucin gadi, an haifi yara har sun shiga firamare. Ba wanda ya san Turanci da zai kira wannan zama ephemeral.

Tarihin siyasarmu ya ba da wasu ’yan’uwan kalmar. Gwamnatin Cif Ernest Shonekan, wadda aka rantsar ranar 26 ga Agusta, 1993, sunanta Interim National Government, mu kuma muka ce gwamnatin riƙon ƙwarya. Interim na nufin abin da ke tsakanin biyu, wanda ya tafi da wanda ake jira. Ba ta cika wata uku ba, ta faɗi ranar 17 ga Nuwamba, don haka mai sharhi zai iya cewa interim ce a suna, ephemeral a aikace. Majalisar sojan da ta gaje ta a ƙarƙashin Janar Sani Abacha ta kira kanta Provisional Ruling Council. Provisional shi ne abin da aka amince da shi a yanzu kafin a tabbatar ko a sauya. Wannan majalisa ta “kafin a tabbatar” ba ta nannaɗe tabarmarta ba sai 1999.

Saura transient, mai nufin mai wucewa, kamar baƙon da ya sauka a tashar Unguwa Uku ya kwana ɗaya ya yi gaba. Ita ce ta fi kusa da ephemeral, har marubutan jaridu kan musanya su idan suna maganar mulki. Bambancin ɗan kaɗan ne: baƙon yana nan da ransa a wani garin, raɓar kuwa babu ita ko’ina.

A takardar shago da ta ɗaukar aiki

Ba a rubuta ephemeral a takardun hukuma. Ba za ka ga ephemeral staff ko ephemeral allocation ba, wanda ya rubuta haka ya yi kuskure. Kalmar da ke kan takarda temporary ce, kuma a nan ne fassarar sakaci take yin ɓarna ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce ta wanda ya ɗauki temporary a matsayin abin da ba shi da nauyi, ya ƙi adana takardar. Ta biyu, wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, ita ce ta wanda ya ga abin ya daɗe sai ya ɗauka ya zama nasa. Mutum ya samu izinin kafa kwantena ko rumfar kwano a gefen hanya, takardar ta ce temporary. Shekara goma ta wuce ba wanda ya ce masa uffan, ya zuba siminti, ya ja wuta, daga baya ya sayar wa wani a farashin shagon mallaka. Ranar da hukumar tsara birane ta zo faɗaɗa titi ko buɗe magudanar ruwa, takardar da za a duba ita ce ta farkon nan, kuma kalmar da ke kanta ba ta tsufa ba. Yawan shekaru ba ya mayar da temporary ya koma permanent, sai wata takardar daga hukumar da ta ba da ta farko.

Ko ita permanent ɗin tana da iyaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, kuma takardar shaidar mallaka da ake kira C of O tana ɗauke da wa’adi, wanda ga gidajen zama yawanci shekara 99 ne. Mai sayen shago a Kasuwar Tarauni ko ta waya ta Farm Centre zai kyauta wa kansa idan ya nemi ganin asalin takardar rabon, ya karanta kanunta da kansa ko ya ba wanda ya amince da Turancinsa, kafin ya biya ko sisi.

Ma’aikaci ma haka. A ƙa’idojin aikin gwamnatin tarayya, sabon ma’aikaci na dindindin yakan yi shekara biyu ta gwaji, wato probation, kafin a ba shi takardar tabbatarwa. Wannan daban yake da temporary appointment, daban da contract, daban da acting, wanda shi ne muƙaddashi ko mai riƙo. Mai gwaji yana kan hanyar da ke kaiwa ga tabbatarwa. Mai temporary ba ya kan wannan hanya sai an ɗora shi a kai da wata wasiƙar, kuma shekarun da ya yi kafin nan kan zama abin jayayya ranar lissafin haƙƙoƙin ritaya. Masu zaɓe ma sun ɗanɗani wannan bambanci: katin wucin gadi da INEC ta bayar a rajistar 2011 bai yi amfani ba a zaɓen 2015, sai da aka karɓi na dindindin, wato PVC.

Da me za a fassara ta?

Hausa ba ta rasa kalmomi ba, zaɓe ne aikin. Idan maganar mulki ce ko dukiya ko rayuwa, “mai gushewa” ko “mai ƙarewa” sun wadatar, kuma a harshen malamai akwai “fani” da aka aro daga Larabci. Idan maganar ado ce ko waƙa ko salon ɗinki, “yayi” ta fi kowace dacewa, domin a cikinta akwai zuwa da tashe da wucewa gaba ɗaya. Idan ana son a haɗa da raini, sai a ce ƙyal-ƙyal banza. Mai son siffantawa yana da kumfa, yana da raɓa, yana da inuwar gajimare.

A ganina ya kamata a bar “wucin gadi” ga temporary, a bar “riƙon ƙwarya” ga interim. Wucin gadi ta riga ta ɗauki kaya da yawa, har wasu na amfani da ita ga abin da ɗan Adam ya ƙera a madadin na halitta. Ƙara mata ephemeral zai sa mai karatu ya kasa gane ko ana nufin abin zai ɓace da kansa ne ko kuwa wani ne zai zo ya ɗauke shi.

Ephemera: takardun da aka yi domin a yar

Masu ɗakunan karatu da na adana tarihi suna kiran wani rukunin takardu ephemera: tikitin mota, rasit, katin ɗaurin aure, hoton ɗan takara, takardar talla, kalandar bango. Duk an buga su ne domin amfanin rana ɗaya ko mako ɗaya. Abin mamakin shi ne, su ne kan fi littattafai faɗin gaskiyar yadda aka rayu, domin ba a rubuta su don a burge na baya ba.

Wani Bature mai suna John Johnson ya fahimci haka tun yana saurayi, lokacin da yake tono tsofaffin jujin Masar yana fito da takardun da mutanen da suka zubar. Da ya koma Ingila ya zama shugaban maɗaba’ar Jami’ar Oxford, sai ya shiga tara irin waɗannan tarkacen na ƙasarsa. A 1968 aka mayar da tarin nasa ɗakin karatu na Bodleian, kuma ya haura guda miliyan ɗaya. A 1975 Maurice Rickards ya kafa ƙungiyar masu wannan sha’awa a Landan, mai suna Ephemera Society.

Kano tana da nata darasin a kan saurin yanke wa abu hukuncin gushewa. Lokacin da ƙananan littattafan soyayya suka cika kasuwa, Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha, kuma masu sukarsu sun yi hasashen yayi ne da zai wuce. Ta wata fuskar sun yi gaskiya: takardar ba ta da ƙwari, da yawa sun yage a hannun masu haya, wasu sun ƙare wajen mai ƙosai. Amma Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan ya tattara ɗaruruwansu, kuma a 2012 wani kamfanin ɗab’i na Indiya mai suna Blaft ya fitar da fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda Aliyu Kamal ya yi. Takardar ce ta kasance mai gushewa, labarin ya yi tafiyar da ba a zata ba. Ɗalibin da zai rubuta tarihin farashin kaya a Tarauni nan da shekara hamsin kuwa, rasit da littafin bashi na masu shaguna zai nema, in har ya same su.

A cikin waya da aljihu

Inda kalmar ta fi tashe a yau shi ne fasahar sadarwa. Turawa na cewa ephemeral messaging ga saƙon da ke goge kansa. Snapchat ne ya yaɗa salon daga 2011, Instagram ya bi sahu a 2016, WhatsApp ya kawo status mai awa 24 a 2017. A Nuwamban 2020 ya ƙara saƙonni masu ɓacewa bayan kwana 7, daga baya ya ba da zaɓin awa 24 ko kwana 90, ga kuma hoton da ake buɗewa sau ɗaya tak.

Ga mai tallan kaya, status alheri ne, tunda farashin jiya ba ya tsayawa ya ƙaryata na yau. Ga mai ba da kaya bashi kuwa, hatsari ne. Ciniki da yawa a yanzu a WhatsApp ake ƙulla shi: adadin kaya, farashi, ranar biya. Ɗayan ɓangaren yana iya kunna ɓacewar saƙo a hirarku, manhajar ta sanar da layi ɗaya wanda mai sauri ba zai lura da shi ba, bayan mako guda alkawarin ya tafi daga wayoyin biyu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan kwamfuta da na waya a kotu bisa wasu sharuɗɗa, amma alƙali a Court Road ba zai duba saƙon da babu shi ba. Wanda ya ga alamar ƙaramin agogo a jikin hoton abokin cinikinsa ya san saƙonnin hirar masu ɓacewa ne, sai ya kashe ta ko ya ɗauki hoton maganar tun tana nan. A ɗaya gefen kuma, kada mai aikawa ya sakankance cewa abin da ya tura ya ɓace har abada, domin wata wayar tana iya ɗaukar hoton fuskar wannan.

Rasit ɗin POS da na ATM su ma haka suke, kuma dalilin yana cikin takardar. Babu tawada a jikinta. An shafa mata wani sinadari ne da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, na’urar kuma da zafi take rubutu. Shi ya sa rana da zafin mota da maiƙon hannu ke cinye rubutun, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Wanda ya biya kuɗin haya ko na makaranta ko harajin shago ya karɓi irin wannan takarda, ya yi mata fotokwafi ko ya ɗauke ta a waya a ranar, ya kuma rubuta lambar cinikin a littafinsa. Kada ya kai ta a yi mata laminatin da nufin adanawa: injin da zafi yake aiki, takardar za ta fito baƙa ƙirin daga sama har ƙasa.